Neman Bahago a Panya

Shekara biyar na yi a Lafiya ban san ko ni matar aure ce ko bazawara ba. Maigidana ya tafi Panya aikin gonar koko muna da wata goma sha ɗaya da aure. Ya ce shekara biyu zai yi, ya dawo da keke da kwanon rufin ɗaki. Wasiƙa ɗaya ta zo a shekarar farko, malamin unguwarmu ya karanta mini ita sau uku har ya gaji da ni. Daga nan sai shiru.

Panya sunan da ma'aikata suka sa wa wurin ne. Tsibiri ne a tsakiyar teku, gaba da Kalaba, a hannun Turawan Sifaniya, kuma a takarda Fernando Po ake rubutawa. Ni a lokacin ban san mene ne tsibiri ba. Na ɗauka gari ne mai nisa kamar sauran garuruwa, wanda in ka bi hanya ka daure za ka isa.

A shekarun nan zama ya gagare ni. In na zauna tsintar shinkafa, kafin na kai rabin faifai na miƙe. Nakan share tsakar gida sau uku a yini, har surukata ta ce in bar mata ƙasar gidan kada in share ta duka. In jirgin ƙasa ya yi kuka daga wajen tasha sai in ji ƙafafuna sun kama hanya ba tare da na yi shawara da su ba. In tsaya a bakin dogo in duba kowane namiji da ya sauko, in koma gida in tarar da miyata ta kama. Mutane suka fara magana. Wasu suka ce iska ce ta taɓa ni. Ba iska ba ce, jira ne, kuma ni Allah bai yi ni da haƙurin jira ba.

Da shekara ta biyar ta shiga, Baba ya kira ni ya ce ya yi magana da alƙali. Tunda mutum ya ɓace tsawon wannan lokaci, ana iya warware auren in yi idda in yi wani. Har da masu so a layi, in ji shi, wani mai shago a kasuwa da wani manomi daga Doma. Na ce masa, "Baba, a ba ni rani ɗaya. In gan shi da idona. In ya ce ba ya yi, in ji daga bakinsa." Baba ya dube ni ya ce tun ina goye ya san zan ba shi wahala. Amma bai hana ba, don ƙanin mahaifiyata, wanda muke kira Kawu, ɗan kasuwa ne mai kai kanwa da takalman fata da kilishi Kalaba, kuma ya taɓa tsallakawa Panya sau ɗaya. Aka ɗora masa ni kamar yadda ake ɗora wa jaki ƙarin kaya, yana ƙorafi yana karɓa.

Ranar tafiya na yi kitso, na sa lalle hannu da ƙafa, na zuba kwalli. Surukata ta raka ni har ƙofa. Ba ta ba ni saƙo ba, ta dai ce, "In kin gan shi, ki duba ko yana cin abinci."

Muka hau jirgin ƙasa muka haye gadar Makurɗi, muka wuce Inugu, muka sauka Aba. Daga can mota, sannan kwale-kwale mai inji zuwa Kalaba. Kwana tara muka yi Kawu yana neman mini takardar tsallakawa, ni kuwa ina zagaye masaukin kamar kazar da za ta yi ƙwai. Jirgin ruwan da muka shiga cike yake da samari masu zuwa kwantiragi, kowa da tabarmarsa da lambarsa a takarda. Kawu, wanda ya cika ni da labarin yadda ya san teku, shi ya fara kwanciya yana amai yana salati. Ni ko ɗaya. Na tsaya na riƙe ƙarfen gefe, ina jin haushin jirgin da ba ya sauri.

Da hantsi dutsen ya fito. Na saba da duwatsun ƙasar Eggon da muke hangowa daga gida, amma wannan ya tashi ne daga cikin ruwa kai tsaye, kore shar, kansa ya shige gajimare. Wani ma'aikacin jirgi ya gaya wa Kawu wai dutsen a da wuta yake amai, yanzu barci yake yi. Na ce to Allah ya ƙara masa nauyin barci har mu gama abin da ya kawo mu.

Babban garin, Santa Isabel, yana zaune a kan gaɓa mai tsayi, sai an hau tudu daga bakin jirgi. Ana ta maganar wai a shekarar ne Sifaniyawa suka ce tsibirin ya zama lardi a cikin ƙasarsu, kamar yadda muke da Lardin Binuwai. Wannan bai dame ni ba. Muka sauka a unguwar Hausawa, gidan wata tsohuwa mai sayar da tuwo da kowa ke kira Hajiya. Tun ban ajiye ƙunshina ba na fara tambaya.

A nan na gane wautata ta farko. Ni ba na faɗin sunan maigidana. Ban taɓa faɗa ba, har yau da nake ba da wannan labari da furfura a kaina. Haka aka tarbiyyantar da mu. Sai ga ni na ƙetare teku neman mutumin da bakina ba zai iya kiran sunansa ba. Hajiya ta ce, "Yarinya, wa kike nema?" Na ce, "Shi." Ta yi dariya har da riƙe ciki. Kawu ne ya faɗi sunan, ya faɗi na mahaifinsa, ya ce mutumin Lafiya ne. Ya maimaita a masallaci bayan la'asar, a gaban liman da jama'a. Babu wanda ya san shi.

Hajiya ce ta warware mana. Ta ce masu ɗaukar ma'aikata a Kalaba mutanen gabas suka fi ɗauka, don haka ɗan arewa in yana son shiga sai ya karɓi takardar wani, ya amsa sunan wani. A gona kuma ba a kiran suna, lamba ake kira. "Sunan da kike ɓoyewa," in ji ta, "ko kin hau hasumiya kin yi shelarsa, ba mai amsawa." Gonakin kuma sun fi a ƙirga, sun zagaye dutsen ta kowane gefe.

Kawu ya ce to mu sayar da kaya mu koma. Na ce ya sayar da kayan a gonaki, ni kuma in riƙa bin sa ina ɗaukar masa ƙunshi. Ya ce, "'Yar nan, ke ce za ki kashe ni, ba teku ba." Washegari muka hau bayan wata babbar mota da ke komawa ɗaukar buhunan koko, muka nufi yamma.

Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. Baƙa ƙirin ce, har yashin bakin ruwa baƙi ne. Na ɗauki wani dutse duk huji a jikinsa, na ji shi ba nauyi, na ajiye don goge kaushi. Itatuwan koko gajeru ne, 'ya'yan suna fitowa daga jikin gindi, a ƙarƙashin wasu manyan itatuwa da suka rufe sama. Rana sai ka yi yini ba ka gan ta sosai ba. Ko'ina warin koko da ake busarwa, mai tsami-tsami, ya shiga zane ya shiga gashi. An ce mini rani ne, amma kullum sai an yi yayyafi.

Gona huɗu muka shiga a kwana shida. Kawu ya baza takalma a gaban barikin ma'aikata, ni in tsaya a bayansa ina duban fuskoki. Ina neman dogo mai tsagar Barebari, irin ta gidajenmu. Maza suna dubana, wasu da tausayi, wasu da abin da ba tausayi ba. Hausa ba ta aiki, turancin buroka kuwa Kawu ya iya na ciniki kawai. Na fara jin tsoron ko na gan shi ba zan gane shi ba.

A gona ta biyar, kusa da garin San Karlos, na zagaya bayan bariki neman wurin alwala. A can ma'aikata ke ɗan noman abin da za su ci, rogo da gwaza da barkono. Sai na ga tsibin doya, wato tulin ƙasar da ake binne iri a ciki. Butar ta faɗi daga hannuna.

Sai na yi bayani a nan. A wajenmu tsibin doya babba ake yi, ya kai ƙugun mutum. In an binne iri sai a ɗora masa ciyawa a ka, a danne da hoge, don kada zafin rani ya dafa shi. Wannan ciyawa ita muke kira hula. Kowa a tsakiyar kai yake ɗora ta. Maigidana bahago ne, da hagu yake riƙe garma, ta gefen hagu yake cusa iri, don haka hularsa kullum a karkace take, kamar ta saurayi ranar kasuwa. Tun muna zance nake tsokanarsa da ita. A cikin gona ɗari zan iya nuna tasa.

Ga su nan a gabana, layi uku, manya, kowanne da hula a karkace hagu. A ƙasar da rana ba ta da ƙarfin dafa komai.

Na ƙwala wa Kawu kira. Aka nemo masu gonar, wasu mutanen wajen Kalaba su biyu, duka da hannun dama suke aiki. Da hannu da buroka suka ba mu labari. Wani dogo mai tsage a fuska ya zauna da su shekara biyu. Doyarsu tana ruɓewa saboda ruwa, shi ya nuna musu a ɗaga tsibi sama. Kawu ya tambaye su amfanin hular. Suka ce ba su sani ba, haka suka ga yana yi, kuma doya ta yi kyau, shi ya sa ba su canza komai ba. Na yi dariya hawaye na zuba. Suka ce da kwantiraginsa ya ƙare ya sake sa hannu, aka kai shi sama, Moka.

Daga ranar na daina duban fuskoki. In mun isa gona, Kawu ya nufi gaban bariki, ni in nufi baya.

Moka a kan tudu take, sanyi kamar ba a ƙasar baƙar fata ba. Babu koko, sai ciyawa da shanu da lambunan dankali da kabeji na Turawa. Hazo yana shiga har cikin ɗaki. Aka ce akwai tafki a cikin bakin wani tsohon dutse kusa, Kawu ya so gani, na ce ban zo kallon ruwa ba. Mutanen ƙasar, Bubi, su ma manoman doya ne na gaske, amma tasu daban take, ba ta ruɗe ni ba. Kwana biyu ina yawo a bayan gidaje cikin rawar sanyi kafin na sami tsibi bakwai a gefen wani lambu, hula a karkace. Mai gadin lambun ya nuna mana gabas da sandarsa, ya ce shekara ɗaya mutumin ya yi, sanyi ya sa masa tari, ya nemi a mai da shi ƙasa.

Muka gangara. Ina zaune a kan buhuna ina lissafi a raina, shekara biyu can, ɗaya nan, saura biyu, ke nan gona ta gaba yana ciki. Na ciro madubi na ƙara kwalli motar tana jijjiga ni. Lallen hannuna ya riga ya koɗe, saura a farce. Na shirya abin da zan faɗa masa, na rushe, na sake shiryawa. Wani lokaci zagi ne, wani lokaci gaisuwa kawai. Kawu ya ce in zauna wuri ɗaya kada in faɗo, na ce ba zan iya ba.

A wata gona a gefen gabas, sama da garin Konsefsiyon, tsibin ya fi ashirin, amma hulunan a tsakiya suke, daidai. Sai layi ɗaya a ƙarshe, tsoho, ruwa ya cinye rabinsa, ciyawa ta rufe. Ina tsaye a kansa wani ya yi magana a bayana da Hausa.

"Kai mata, me kana nema a gona na?"

Irin Hausar kasuwar Lafiya ce sak, wadda ba ta raba mace da namiji. Na kusa rungume shi. Ɗan ƙabilar Tibi ne daga wajen Makurɗi, ya taɓa yin ƙwadagon doya a Assakio, kusa da garinmu. Na ce ina neman wani bahago.

Ya daɗe yana dubana. "Kai ne matan shi? Wanda ba ya zauna wuri ɗaya?"

Na ce ni ce.

"Ya ce in kai ya ji haushi, kana share gida har ƙasa ya ƙare." Ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. Ya ce ɗaki ɗaya suka zauna da maigidana. Kullum suna faɗa a kan hula, shi yana cewa a gyara ta, maigidana yana cewa doya ba ta san hagu da dama ba. Tarin Moka bai sake shi ba. Kafin saukar damina jiki ya yi tsanani, aka sa shi a mota zuwa asibitin babban gari. "Daga nan ban gani shi ba. Shugaban aiki ya ce wai sun sa shi a jirgi, ya tafi gida. Ni na ce to, ya tafi gida."

Ya shiga ɗaki ya fito da garma. Bakin ƙarfen ƙirar maƙeran garinmu ne, da shi ya tafi a ƙunshinsa. Ƙotar ta sha hannu har ta yi santsi, ta lotsa ta gefen da ba a saba gani ba. Ya ce ba wanda ke iya aiki da ita. Na karɓa na rungume.

Muka sake hawa mota. Na ɗauka gaba muke yi, zuwa wani sabon gari. Dutsen yana hannun hagunmu tun ranar da muka fito, ban lura ba. Da la'asar sai ga hasumiya biyu na cocin da na gani ranar da muka sauka, sai ga tudun bakin jirgi, sai ga ƙofar Hajiya. Kwana goma sha tara ina bin hanya, hanya ta dawo da ni inda na tashi. A garinmu hanya ba ta yi wa mutum haka. Na ji tsoron wurin nan a ranar fiye da kowace rana.

Kawu ya ce bari ya sake ganin liman, tunda shi ke zuwa asibiti. Na bi shi, na tsaya a bakin zaure. Wannan karon bai faɗi suna ba. Ya ce dogo, mai tsagar Barebari, mai tari, bahago.

Liman ya ajiye carbinsa. Ya ce a azumin da ya wuce, saura kwana uku salla, wani mai shara a asibiti ya zo ya kira shi. Akwai mara lafiya da sunan Kirista a katinsa amma yana ta kalmar shahada. Ya je ya same shi ba ya iya magana sosai, bai faɗi gari ba, bai faɗi suna ba. Ya miƙa masa ruwa a kofi. Mutumin ya ɗago hannun hagu zai karɓa, sai ya ji kunya, ya janye, ya ɗago na dama da ƙyar.

Ban ji sauran ba. Na san wannan janyewar. Surukata ta sha dukan hannun nan yana yaro, har ya girma bai daina miƙa shi yana janyewa ba. Haka ya yi ranar da na fara kai masa ruwa a zauren Baba.

A ranar ya cika, liman da jama'arsa su suka yi masa wanka suka binne shi. Maƙabartar tana bayan unguwar, tafiyar da ba ta kai ta zuwa rijiya ba daga ɗakin da na kwana ranar farko. Takardar rasuwa kuma an aika ta garin mai sunan da ke katin. Har yau nakan tuna wata mata a can gabas da wataƙila ta yi kukan mijinta yana raye.

Da na iya magana na ce, "Malam, yaushe zan fara takaba? Yau, ko sai na isa gida?"

Ya lanƙwasa yatsu yana ƙirga watanni. Sannan ya ce, a hankali, "Baiwar Allah, takaba daga ranar rasuwa ake ƙirga ta, ba daga ranar da labari ya zo ba. Wata huɗu da kwana goma. Yau wata takwas ke nan. Babu komai a kanki. Ko gobe kina iya aure."

Yana ganin sauƙi ya ba ni. Ni kuwa ji na yi an ƙwace mini abu na ƙarshe da ya rage. Na tuna sallar nan. Na sa sabon zane, na yi lalle, na ci tuwon salla a gidan ƙawata muna shewa. Yana kwance a baƙar ƙasa kwana uku, ni ina shewa. Kwanakin da ya kamata in zauna dominsa duk na ƙarar da su a bakin tasha.

Mata ba sa shiga maƙabarta, don haka na tsaya a bakin shinge. Liman ya nuna wa Kawu wurin. Damina ɗaya ta Panya ta riga ta baje shi, ba ka cewa akwai mutum. Na miƙa wa Kawu garmar ta saman shinge na ce ya tara masa ƙasa. Kawu ɗan kasuwa ne, bai iya noma ba, ga ƙota ta bahago tana juya masa a hannu. Ya yi ta fama yana haki, bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Mutumin da ya koya wa rabin tsibiri ɗaga ƙasa, ga abin da ya samu.

A jirgin komawa na cire 'yan kunne da warwaro na ƙulle a bakin zane. Na wanke kwallin da ruwan buta. Da muka isa Lafiya na wuce gidan Baba ban tsaya ba, na shiga wajen surukata na ajiye garmar a gabanta. Ta shafa ƙotar, ta sa yatsunta a inda ta lotsa. Ba ta tambaye ni ko yana cin abinci ba.

Baba ya aiko cewa malamai sun ce babu takaba a kaina. Na ce na ji. Na tsefe kitsona, na ɗaura tsohon zane, na shimfiɗa tabarma a ɗakin da maigidana ya ce zai rufa mini da kwano. Jirgin ƙasa ya yi kuka da yamma, ƙafafuna ba su motsa ba. Wata huɗu da kwana goma na yi a kan tabarmar nan, ba wanda ya sa ni, kuma a cikin shekara biyar shi ne karo na farko da na iya zama.